Kawu Hol da Kofin Silbarsa

Duk wanda ya taɓa bin bayan akori-kurar Kawu Bitrus a hanyar Chikaji ya san da abin da zan fara. Da zarar ya iso inda layin dogo ya ratsa titi, sai ya taka birki, ya ja birkin hannu har ya yi ƙara, ya kashe inji. Ya sauke gilashi. Ya cire hula, wai hula tana tare kunne. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya sake leƙa hagu, ya kasa kunne kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti. Sannan ya faɗi kalmar nan tasa ta Turanci da ƙarfi, shi kaɗai, ba wanda ya tambaye shi: "Halt!" Mu a bakinmu Hol ce, kuma daga nan ya samo sunan da ya bi shi har kabari.

To, ku tuna wane layi ake magana a kai. Reshe ne da a da yake shiga wajen kamfanonin Chikaji, rabonsa da ganin jirgi tun ina firamare. Ciyawa ta cinye shi. Mata suna shanya barkono a kansa, awaki suna barcin rana a tsakiyarsa, har wani mai faci ya kafa rumfarsa ƙafa ɗaya a cikin layin. Amma Kawu sai ya tsaya ya saurari jirgi! Motoci su yi layi a bayansa, hon ya cika unguwa, wani Inyamuri mai sayar da kayan gyara ya leƙo yana cewa, "Baba, wetin happen? Motor don die?" 'Yan acaɓa kuwa tambayarsu ɗaya ce kullum.

"Baba, gawa ka ɗauko ne?"

Shi kuma ya mayar da hularsa a hankali ya ce, "Gudun ɗaukarta nake yi, ɗana."

Ga wanda bai sani ba, Kawu ya yi shekara talatin da wani abu a aikin reluwe, shi ne mai tsaron mararraba. Idan jirgi zai wuce ya rufe ƙofa ya ɗaga jar tuta, idan ya wuce ya ɗaga kore. Da ya yi ritaya ya sayi wannan akori-kurar, wadda ta girmi rabin mutanen da ke zaginta, ya shiga koyar da tuƙi. Ni Ishaya, ɗan ƙanwarsa, na fi kowa shan wuya a hannunsa, don haka kada wani ya ce na yi wa mamaci sharri. Abin da zan faɗa kaɗan ne daga ciki.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, ina shekara ta huɗu ina zaman kashe wando a gidan mahaifiyata a Sabon Gari. Jarrabawa ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta. Ƙannena suna fita aiki, ni ina gida ina jiran a sauke tukunya, kuma abin yana cin raina fiye da yadda nake nunawa. Sai Madam Hannatu, wadda ke da makarantar yara a Samaru, ta sayi bas tana neman direban da zai riƙa kwaso mata yara daga Sabon Gari da Chikaji. Ta ce ba ta ɗaukar kowa sai da takarda daga hannun Kawu, domin shi ya koya mata tuƙi. Saura mako uku a dawo daga hutu, ga kuma wani ɗan'uwan mijinta yana harin aikin. Na yi murna na ce ai an gama. Kawuna ne fa, kuma tuƙi na riga na iya shi a tasha.

Na je da safe na ce ya rubuta mini takarda. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Shiga mota."

Na miƙa hannu in karɓi makulli, sai ya miƙo mini ƙamus. Wani tsohon ƙamus ne da bango ya rabu da shi, an ɗaure shi da robar tayar keke. Ya buɗe wani shafi da ya yi baƙi saboda yawan taɓawa, ya sa yatsa a kan kalmar, ya ce in karanta. Na karanta masa da Turancina na ɗan sakandare.

"Me ya ce?"

"Tsayawa, Kawu."

"Wace iri?"

"Tsayawa dai. Ai ɗaya ne da stop."

"Ka gani ko! Tun ba ka taɓa sitiyari ba ka kashe mutum." Ya ƙwace ƙamus ɗinsa. "Saurara, ɗan nan. Akwai slow, wannan rage gudu ne. Akwai stop, ita ma da kalma ce mai mutunci, amma direbobin ƙasar nan sun lalata ta. Yanzu in an ce stop, ana nufin ka ɗan ɗaga ƙafa ka duba ko akwai ɗan sanda. Halt kuwa ba ta da rabi, ba ta da kwata. Taya ta tsaya cak, inji ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Kuma ba ka motsawa sai an ɗaga maka kore. Ka ji?"

Na ce na ji. A raina ina cewa tsufa dai ba ta yi ba.

Sai ya ciro kofin. Wayyo, kofin nan! Ƙaramin kofin silba ne, ya lotsa a gefe ɗaya, an ja masa layi da ƙusa a ciki. Ya zuba ruwa daidai layin, ya naɗa ɗan gammo da tsumma ya ɗora shi a cikin mota, gindin gilashin gaba. Dokar ita ce, idan ka tsaya, ba ka tsaya ba sai ruwan ya kwanta har ka ga fuskarka a ciki. Shi ne alƙali, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Abin haushin ma, batirin motar ya fi Kawu tsufa, don haka cikin kashe inji uku sai ɗaya ta ƙi tashi. Wa zai tura? Ɗalibi mana. A makon farko na tura akori-kurar nan fiye da yadda na tuƙa ta, har mai facin ya fara ce mini Injiniya.

Ba ni kaɗai ba ne na sha. Akwai wani matashin malamin jami'a daga Samaru, mai koyar da Turanci, da yake zuwa koyon tuƙi a lokacin. Ina zaune a baya ranar da ya iso layin ya taka birki sama-sama, ruwa na tangaɗi, ya nemi wucewa. Kawu ya ce bai tsaya ba. Malamin ya gyara tabarau ya shiga lacca.

"Baba, with due respect, kalmomin nan biyu ma'anarsu ɗaya ce. Fannina ne fa. Kullum abin da nake koya wa students ke nan."

"Digiri nawa gare ka, Malam?"

"Biyu, ina kan na uku."

"Madalla. To, ruwan nan ba shi da ko ɗaya, amma ya ce ba ka tsaya ba."

Malamin ya sauka ya tura mota da taye a wuyansa.

Da a kan titi kawai abin ya tsaya, da da sauƙi. Kawu ya shigar da kalmar nan ko'ina. Waɗanda suke coci ranar bikin godiyar kaka ba za su manta ba. An kawo mana baƙon fasto, mutumin ya yi wa'azi har shinkafar mata ta huce a waje. Ya ce "a ƙarshe" muka gyara zama. Ya sake cewa "a ƙarshe, 'yan'uwa" muka rufe Littafi. Da ya faɗa ta huɗu, sai Kawu, dattijon ikilisiya guda, ya miƙe a layin gaba ya ɗaga littafin waƙoƙinsa mai jan bango sama.

"Fasto, wannan rage gudu kake ta yi. Hol!"

Faston ya ce amin bai shirya ba. Mu kuwa muka amsa da amin ɗin da ba a taɓa jin irinta ba a cocin nan.

Mutum ɗaya ce ta iya da shi, matarsa Mama Saratu. Wata rana da damina tana tuƙa tuwon rana tana yi masa faɗan kwanon kicin da ke yoyo shekara biyu, shi kuma ya ƙi sayen sabo, wai a matsar da murhu gefe. Da faɗan ya ishe shi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Saratu, hol." Shi ke nan. Ta janye itace daga murhu, ta ajiye muciya, ta jawo kujera ta zauna. Ba magana, ba tuwo. Washegari ba koko, ba shara, ba ko sannu. Kawu, mutumin da ke ganin sayen abinci a waje almubazzaranci ne, sai ga shi a bencin mai shayi yana cin burodi yana harare-harare. A rana ta uku ya je ya tsaya a bakin ƙofarta.

"Saratu, ai rage gudu nake nufi."

"A'a, Malam. Da bakinka ka ce kalmar ba ta da rabi. Ni ban ga an ɗaga mini kore ba."

Kafin la'asar an kafa sabon kwano. Kuma da idona na gan shi ya buɗe tsohon akwatinsa na aiki, ya ciro koriyar tuta da asu ya ci gefenta, ya je ƙofar kicin ya kaɗa ta sau uku, fuskar nan a murtuke. Sannan aka hura wuta.

Duk wannan dariya ce a wurin wasu. Ni kwanakina ne suke ƙarewa. Madam Hannatu ta aiko cewa idan ba ta ga takarda ba kafin Litinin, za ta ba wa ɗan'uwan mijinta makulli. Ranar Juma'a Kawu ya ce yau ne gwajin ƙarshe. Mun zaga Sabon Gari, na shiga kasuwa na fita ban taɓa ko kwandon tumatir ba, na yi ribas tsakanin tireloli biyu, ruwa bai zube ba. Sai muka iso layin. Lokacin tashi daga masallaci ne, titi ya cika, ga wasu abokaina biyu na tasha a kan babur daidai tagata suna dariya.

"Injiniya, a sauko a tura!"

Kunya ta kama ni. Na duba hagu, akuya. Na duba dama, barkono. Na ɗan taɓa birki, mota ta kusa tsayawa, na sake shi na haye.

Kawu bai yi ihu ba. Ya ce in faka. Ya ɗauki kofinsa ya zubar da ruwan a ƙasa, ya sa shi a aljihu, ya buɗe ƙofa ya kama hanyar gida da ƙafa. Na gane babu takarda, sai idona ya rufe. Na fito ina ɗaga murya a tsakiyar titi.

"Kawu, jirgin nan ya mutu! Ya mutu tun da daɗewa! Aikinka ya mutu, kai kaɗai ne ba ka ji labari ba! Saboda jirgin da babu shi za ka hana ni cin abinci?"

Ya tsaya, ya juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Na san ya mutu, Ishaya. Ni na rufe masa ƙofa ta ƙarshe. Ba jirgi nake koya maka ba, ƙafarka nake koya wa. Ƙafar da ta saba wucewa a nan, ita za ta wuce a inda yake da rai. Kuma 'ya'yan mutane za ka ɗauka."

Ya tafi. Ni na mayar da motar gida, ina huci, na tarar da Mama Saratu tana tsintar wake a tsakar gida. Na zazzage mata komai, har na ce wannan kofin banzan wata rana sai na jefa shi a rijiya. Ba ta ɗago kai ba.

"Ka san inda ya samo shi?"

Na ce ban sani ba, ban kuma damu ba.

Ta ce shekararsu ta biyu da aure, an tura shi wata mararraba a ƙauye, inda babu ƙofa sai tuta. Ranar kasuwa wata babbar mota ta taho cike da mutane. Ya ɗaga ja. Direban ya gan shi sarai, ya rage gudu, har ya ɗaga masa hannu, ya ga kamar zai iya hayewa kafin jirgin ya iso.

"Kawunka yana cikin waɗanda suka kwashe gawawwakinsu," in ji ta. "Da yara a ciki. Kofin nan a cikin ciyawa ya tsince shi washegari. Wata uku yana cigiya duk ranar kasuwa, ba wanda ya zo ya ce nasa ne." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Shekara ɗaya bai ci nama ba. Yanzu je ka jefa shi a rijiyar."

Na ji kunyar da ta fi ta abokan tasha nesa ba kusa ba. Asabar da sassafe na je na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini. Na shirya jin wa'azi, amma ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Tashi, kana ɓata wando." Ya miƙo makulli.

Muka iso layin. Na taka birki, na ja na hannu, na kashe inji, na sauke gilashi. Hon ya tashi a baya, wani ya tambaya ko gawa muka ɗauko. Na zauna ina kallon ruwan nan yana rawa, yana raguwa, har ya kwanta na ga hancina a ciki. A karo na farko na kasa kunne da gaske. Ba abin da na ji sai kukan akuya. Kawu ya daɗe yana duban kofin kamar yana neman laifi, sannan ya ce, "Kore." Mota ta ƙi tashi, na sauka na tura.

A gida ya zauna ya yi rabin awa a kan takardar, ya liƙe ambulan da yawu. Duk hanyar Samaru ina tunanin irin yabon da ya zuba: yaro mai ladabi, mai tsoron Allah, ɗan gidan mutunci. Madam Hannatu ta buɗe ta karanta, ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta miƙo mini. Layi ɗaya ne tal: "Wannan yaron yana tsayawa." Ko sunana bai rubuta ba! Ta ce in zo Litinin da ƙarfe shida, wai ita da ta koya a hannunsa wata huɗu ko wannan ba ta samu ba.

Na san kuna jira in ce wata rana jirgi ya ɓullo a layin nan, na tsaya, yara suka tsira, duk masu zagin Kawu suka ji kunya. Bai zo ba. Har Kawu ya koma ga Mahaliccinsa ko kan jirgi bai leƙo Chikaji ba, kuma 'yan acaɓa ba su fasa zagi ba. Abin da na sani shi ne na yi shekaru ina jan bas ɗin nan, yara suna haɗa baki su yi ihun "Hol!" duk safiya a kan layin, kuma duk wanda uwarsa ta miƙo mini da safe na mayar mata da shi da rana.

Ranar jana'izarsa, Mama Saratu ta ce ba motar asibiti, ba motar coci, a akori-kurarsa zai tafi, kuma ni zan ja. Aka sa akwatin gawar a baya aka rufa tamfol saboda yayyafi. Ta zauna a gaba inda yake zama. Muna barin coci ta ciro kofin daga jakarta, ta fasa ledar ruwa ta zuba daidai layin, ta ɗora a kan gammo. 

Hanyar maƙabarta ta layin take bi. Na tsaya, na kashe inji, na sauke gilashi, na cire hula. Duk jerin motocin masu rakiya suka tsaya a bayana. Sai ga wani ɗan acaɓa ya kutso ta gefe, ya gane motar, ya buga ƙofa da tafin hannu.

"Kai, har yanzu ba ku daina ba? Gawa kuka ɗauko ne?"

Mama Saratu ta leƙo ta ce, "Ita muka ɗauko, ɗana. Mai motar ne."

Yaron ya janye hannunsa daga ƙofar. Ya kashe babur ɗinsa, ya cire hula. Na bayansa ma ya kashe. Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya miƙe tsaye. Titin nan da ya yi shekaru yana zagin Kawu ya yi shirun da Kawu ya roƙe shi bai taɓa samu ba. Na duba kofin, amma ban iya ganin ko ruwan ya kwanta ba, domin idona ya cika. Mama Saratu ce ta duba, ta ce a hankali, "Kore."

Na murɗa makulli. Kun san abin da ya faru. Ta ƙi tashi! 'Yan acaɓan nan su shida suka jingine baburansu, suka sa kafaɗa, suka tura Kawu ya haye layinsa.

Ya Ubangiji, bawanka Bitrus ya tsaya inda ya kamata a tsaya, ya koya mana mu ma. Ka gafarta masa taurin kansa, ka gafarta mana dariyar da muka yi masa, ka ta'azantar da Mama Saratu. Na san idan ya iso ƙofarka sai ya cire hula ya duba hagu da dama. Ka yi haƙuri da shi, kada a danna masa hon. Ka ɗaga masa kore, ya shiga ya huta. Amin.